Haushin kare in an bar shi shi kaɗai: aljanu yake gani ko kewa ke damunsa?

Musa Haris: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, kada a yi mini dariya. Kun san ina gadin wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, can bayan Zahban, arewa da Jidda. Wata huɗu ke nan kafilina, wato maigidan da nake aiki ƙarƙashinsa, ya kawo kare, irin na Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke yawo da su, bai fi shekara ɗaya ba. Muddin ina wurin ko tari ba ya yi, sai in baƙo ya taɓa get. Amma da na fita, ko bagala (kanti) na je sayen kubus (burodi), sai ya hau haushi da kuka kamar ana yanka shi. Ranar Juma'a da nake daɗewa, maƙwabcinmu ya ce tun fitata har dawowata bai rufe baki ba. Jiya ya tare ni, ya ce in aka sake zai kai ƙara baladiyya, wato hukumar gari. Kafili kuma ya ce ni ne ban iya riƙe kare ba.

Baba Garba Shara Mansur: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba karen ke da matsala ba, wurin ne. Shekarata arba'in a ƙasar nan, na san irin waɗannan istirahohi na bayan gari, fili ne da ba kowa, mutanen ɓoye sun riga ku zama. In kana nan kana salla kana azkar ba sa matsowa. Da ka fita sai su fito, shi kuma yana ganinsu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce suna ganin abin da ba ma gani. Ka karanta Baƙara a wurin, magana ta ƙare.

Sani Direba: Baba ku yi haƙuri, ni dai na ce iskanci ne. Kare ya ga wurin kwana. Ka samu tiyo ka zabga masa biyu masu kyau, gobe ko hura masa wuta aka yi ba zai yi ba.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Yau kuma kare muke tattaunawa? Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare, kullum ladan mutum na raguwa. Musa ka ce wa kafilin ya kwashe abinsa.

Malam Yakubu Madina: Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Hadisin da Baba ya kawo yana nan cikin Abu Dawuda daga Jabir: in kun ji haushin karnuka da kukan jakuna da dare ku nemi tsarin Allah, domin suna ganin abin da ba ku gani. Babu mai ja da shi. Sai dai Baba, da girmanku, hadisin ya koya mana abin da za mu faɗa ne, bai ce duk haushin kare aljani ne ba. Kuma ya ambaci dare, na Musa kuwa da rana tsaka yake yi. Maganar Hajiya ita ma gaskiya ce, raguwar lada da kiraɗi ɗaya (wani ma'auni ne) a wata ruwaya, biyu a wata, tana cikin Buhari da Muslim, amma an cire karen farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da na gadi inda ake da buƙata. Mu da muka taso da Risala mun san labarin mai ita, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani. An ruwaito cewa katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye.

Hajiya Rabi: To Malam, tunda kun faɗa. Ni dai kada ya lashi kwanona.

Dakta Aminu Riyad: Musa, aikina ke nan, asibitin dabbobi nake. Kafin in ce komai, amsa mini. Yaushe yake farawa, da ka fita ne ko sai an jima? A ɗaure kake barinsa? Abincin da ka ajiye masa, kana tarar da ya ci?

Musa Haris: Dakta, tun kafin in fita ma. Da ya ji ƙarar mukullai ko ya ga na sa takalmi sai ya miƙe, ya dinga zarya yana wani siririn kuka. A da ina ɗaure shi da sarƙa gefen tankin ruwa, sai ya kusa shaƙe kansa, yanzu na sake shi a tsakar gida. Ƙasan get ɗin duk ya kankare fenti, har farcensa ɗaya ya fashe ya yi jini. Abinci kuwa ko kabsa da kaza na bari ba ya taɓawa, sai na dawo ya gama tsalle a jikina sannan ya cinye tas.

Dakta Aminu Riyad: To ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Ruwa ba ya tsami banza. Karen da ke haushi don ya ji motsi, yakan yi ya tsaya, ya saurara, ya koma ya ci abincinsa. Wanda ke farawa tun daga mukulli, ya tone ƙofar da ka bi, ya ƙi nama, wannan tsoron rabuwa ne. Kai kaɗai ya sani a duniya, an rabo shi da inda ya saba, in ka ɓace bai san ko za ka dawo ba. Amma kada ka yarda da ni. Ka jingina tsohuwar waya inda za ta ɗauki get, ka kunna bidiyo, ka fita. Gani ya kori ji.

Kuma wannan kabsar ka rage. Albasa na lalata musu jini, ƙashin kaza dafaffe kuma tsagewa yake ya soki hanji.

Umar Mai Wurno: Ya zol, ni abin ma mamaki yake ba ni. Mu a Mai Wurno ta Sudan, bakin Shuɗin Nilu, tun da kakanninmu suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 ake kiwon karnuka a ƙauyukan yankin, ban taɓa jin wanda ya yi wannan haukar ba. Saboda me? Kare yana bin awaki, yana bin yara gona, da rana ya kwanta ƙarƙashin amalanke. Ba a taɓa kulle shi cikin katanga huɗu ba. Ku kawo dabba daga ƙasar sanyi, ku rufe ta kan siminti a zafin Jidda, ku ce aljani.

Baba Garba Shara Mansur: Umaru, a ƙauyenku mutane sun yi yawa, shi ya sa. Ai maganata ka ƙarfafa.

Washegari, bayan la'asar

Musa Haris: Jama'a na yi yadda Dakta ya ce. Minti 40 na yi a waje. Wallahi da na kalla sai da jikina ya mutu. Ƙarar babur ɗina ba ta gama ɓacewa ba ya fara. Ya cusa hanci ƙarƙashin get yana shaƙa, ya tashi ya zagaya, ya dawo, ya ɗaga kai sama ya yi kuka mai tsawo. Yawu na dalala har ƙirjinsa ya jiƙe. Ko sau ɗaya bai kalli wani lungu ba, get kawai. Wajen minti 25 ya gaji ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan tsohon silifas ɗina. Can wayit, wato tankar ruwa, ya wuce, ya zaci ni ne, ya sake sabon lale.

Baba Garba Shara Mansur: Yo kyamara tana ɗaukar aljani ne?

Sani Direba: Baba ya ci wannan zagayen wallahi.

Dakta Aminu Riyad: Ba ta ɗauka Baba, na yarda. Amma tana ɗaukar inda kare yake kallo. Wanda ya ga abin tsoro yakan fuskance shi, gashin bayansa ya tashi, ya yi gurnani, ko ya ja da baya. Wannan ƙofa ya sa a gaba da takalmin Musa. Kuma mu tuna, ko a cikin abin da ido ke iya gani sun fi mu sani. A ma'aunin siririn sauti, kunnen mutum iyakarsa wajen hertz 20,000, na kare ya ninka haka fiye da sau biyu, hanci kuwa ba a magana. Sau da yawa abin da muke cewa ba komai, mage ce a bayan katanga.

Malam Yakubu Madina: Wani abu ya tsaya mini a rai tun jiya. Muna ta jayayya kan gaibu, ga zahiri a gabanmu: dabba ta fasa farce, tana haki cikin rana. Matar da ta shiga wuta saboda mage, kulle ta ta yi. Mutumin da aka gafarta wa, kare ya shayar da huffinsa. Musa, tunda yana hannunka, amana ce.

Sani Direba: Malam, wa'azi daban, baladiyya daban. Mutumin nan iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, a hannun kafili take. Na ga wani abin wuya a shagon dabbobi, da kare ya yi haushi sai ya ɗan ja shi da lantarki. Kwana biyu an gama.

Dakta Aminu Riyad: Sani, abin da kai da tiyonka ba ku gane ba ke nan. In Musa ya dawo ya doke shi, kare ba ya haɗa dukan da haushin da ya yi awa biyu da suka wuce. Abin da zai koya shi ne dawowar Musa ma abin tsoro ce. Abin wuyan kuma murya yake toshewa, fargabar tana nan, sai ta ɓullo ta wani wuri: ya ci ƙofa, ya ciji ƙafarsa, ko wata rana ya ciji mutum. Yankin Wels na Birtaniya tun 2010 ya haramta shi.

Ga abin da ke aiki Musa, sai dai yana son haƙuri. Bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, ka zagaya da shi rabin awa ko fiye, ya yi gudu ya shaƙi ƙasa. Irinsu don kiwon tumaki aka samar da su, zaman banza na haukata su. Ka mayar da shi inuwa, ruwa a babban bokitin da ba zai kifar ba, domin kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake huce jiki. Sannan ka kashe darajar mukullin nan. Ka ɗauka ka karkaɗa ka zauna ka sha shayi. Ka sa takalmi ka shiga ɗaki. Sau goma a rana, har ya daina ɗaga kai. Daga nan ka fita get ka dawo kafin ya fara kuka, ko daƙiƙa biyar ce. Gobe goma, jibi rabin minti. In ya yi kuka, alama ce ka yi gaggawa, sai ka koma baya. Fita ba sallama, dawowa ba biki, sai ya natsu ka shafa shi. Akwai wata roba mai rami da ake kira Kong, ka cusa abinci ka sa a firiza, ka riƙa ba shi lokacin fita.

Wahalar ita ce, a makonnin farko kada ya yi dogon kaɗaici ko sau ɗaya, yana rushe aikin.

Musa Haris: To Juma'a fa Dakta?

Umar Mai Wurno: A kawo masa ɗan'uwa kawai. Kare biyu, magana ta mutu.

Musa Haris: Yaya Umar so kake kafili ya buga mini huruj, a mayar da ni gida? Ɗayan ma da ƙyar yake sayen abincinsa.

Dakta Aminu Riyad: Kuma ba tabbas. Wani karen kewar mutum yake, ba ta kare ba, sai ka wayi gari da masu kuka biyu. Juma'a ka nemi wanda zai zauna kusa da shi. In wata guda ya wuce ba sauyi, a kai shi likita. Akwai magani, dangin wanda ake ba mutane masu ciwon damuwa, yana ɗaukar makonni kafin ya kama, kuma tare da horon ake yi. Sunansa ba zan rubuta a nan ba, na san halinmu, gobe wani zai je kantin magani ya saya wa kansa. Wasu kuma suna barin rediyo a kunne don muryar mutane.

Baba Garba Shara Mansur: Madalla. In dai za a kunna, a kunna Baƙara. Kun zagaya kun dawo inda na tsaya.

Malam Yakubu Madina: A'a Baba, Musa ya karanta da bakinsa don kansa da wurin, wannan alheri ne. Amma a kunna Alƙur'ani a fice don lallashin kare, raina bai kwanta ba. A sa masa labarai.

Sani Direba: A sa masa BBC Hausa, ya ji farashin masara a Dawanau, ya gode wa Allah ya yi shiru.

Bayan kwana goma sha biyu

Musa Haris: Ga inda aka kwana. Mukulli yanzu ko kunne ba ya motsawa. Jiya na kai minti 18 a waje, bidiyo ya nuna ya yi ɗan kuka sau biyu, ya koma kan robarsa. Shekaranjiya na yi ganganci na tafi awa guda, ya dawo da halinsa, sai da na koma minti biyar. Juma'a kuma mun yi yarjejeniya da wani tsoho Bayamane mai gadin gonar gefenmu, ƙafa ta hana shi zuwa masallaci, nakan kai masa karen ya ɗaure a inuwar ɗakinsa, in taho masa da tamis da ful. Maƙwabcin bai sake magana ba, amma har yanzu ba ya amsa sallamata.

Baba Garba Shara Mansur: Baƙarar fa, ka karanta?

Musa Haris: Na karanta Baba, dare uku.

Baba Garba Shara Mansur: To.

Dakta Aminu Riyad: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Musa, kada ka wuce minti 25 wannan makon, kuma turo mini hoton farcen nan in gani ko ya kumbura.