Musayar Waƙa: Me Ke Wasa Ƙwaƙwalwa?

Ɗan Tsangaya: Salamu alaikum. Na buɗe fage, amsa-amonmu "ba".

Mai neman kaifin basira taho,
Ka tashi tun kafin kiran asuba.
Ka ɗauki allo, ka kife waya,
Haddar sanyin safiya ce riba.
Manzo ya roƙa wa al'umma tasa
Albarkar sammako, je ka duba.

Mai Shayin Damagaram:

Ɗan Tsangaya, jiya biyun dare
Na gan ka a WhatsApp, malam, haba!
Wanda ya raba dare yana latsa waya,
Sammakon bubukuwa ne, bai ci ba.
Zo ga ataya kofi uku,
Na farin da ɗaci, daure ka taɓa.

Uwar Biyu:

Mai shayi, hajarka kake wa talla,
Ataya da la'asar ba ta kyautu ba.
Awa biyar, rabin ƙarfinta na jika,
Ido biyu har dare ya raba.
Ni ƙailula nake, minti 20,
In koma keken ɗinki ban gaji ba.
Waya na aljihun tebur a kulle,
Sai na gama wuyan riga zan duba.

Baƙon Kumasi: Sai ke Uwar Biyu! Wallahi kin kife masa buta. Mai shayi, tattara gawayinka.

Ɗalibin Aruli: Ku dakata da tafi tukuna. Mai Shayi, "taɓa" ba ta amsa "asuba", ɓ daban, b daban. Ɗangonka na uku kuma ya yi tsawo har ya karya baitin. Halilu ɗan Ahmad na Basra, malamin aruli (ilimin awon waƙa), bai tsara karuruwa 15, irin su Basiɗi da Kamil, don a riƙa tattaka su haka ba.

Mai Shayin Damagaram:

Mai awon gaɓa da mudun Basra,
Kai ko baiti guda ba ka kawo ba.
Makaɗan fada da kunne suke awo,
Ba su san Basiɗi da Kamil ba.

Baƙon Kumasi: Nan kam ka burge ni. Amma a batun shayi ina bayan Hajiya Uwar Biyu.

Ɗalibin Aruli: Makaɗi yana da kalangu mai riƙe masa kari. Kai da ke rubutawa, me ke riƙe maka?

Uwar Biyu: Don Allah malamai, zancen tara hankali muka zo yi, ga shi kun watsa namu.

Ɗan Tsangaya: Ku gafarce ni, kwana biyu ban leƙo ba.

Mai shayi, daren da ka gan ni,
Ɗana ne zazzaɓi bai sake shi ba.
Amma zancenka ya shige ni sosai,
Mai guntun barci bai riƙe hizbi ba.
Yanzu daga isha sai shimfiɗa,
Awa bakwai cur, ban rage ba.

Ɗalibin Aruli: Allah ya ƙara wa yaro sauƙi, malam. Sai dai ɗangonka na biyu ma yana ɗingishi, sake ƙirga shi.