Hotunan jarida da Baba ya bari: yaya zan gane shekarunsu?

Ɗan Maiwurno:
Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa, muka tarar da hotunan da ya riƙa yankowa daga jaridu tun yana aikin auduga a yankin Jazira na ƙasar Sudan. Hoton kaɗai yake yankewa, ya bar rubutun da ke ƙasa, saboda haka ba suna, ba kwanan wata. Uku ne suka tsaya mini a rai: 'yan ƙwallo sun ɗaga kofi, wata mace cikin tob (lulluɓin matan Sudan) tana waƙa a gaban makirufo, sai Ƙubbar Mahadi ta Omdurman. Ina roƙon manya su nuna mini hanyar gane shekarunsu.

Tsohon Malami, Wad Madani:
Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya gafarta masa. Ka fara da ƙubbar, domin ita ce mai sauƙi. Sojojin Kitchener, janar ɗin Birtaniya, sun rusa ta a 1898, ba a sake gina ta ba sai 1947, don haka idan ta fito cikakkiya a tsaye, da wuya hoton ya girmi wannan shekara.

Hoton ƙwallon ya fi buƙatar natsuwa, kada ka yi gaggawar cewa na ƙungiyar ƙasa ne, domin kulob ɗin Hilal da na Marrikh na Omdurman sun ɗaga kofuna ba adadi, kuma jaridun da ke fitowa a lokacin, irin su Al-Ra'y al-Am da Al-Ayyam, sun sha buga su. Ka nemi tuta a cikin hoton. Tsohuwar tutarmu layi uku ce a kwance, shuɗi da rawaya da kore, ba ta da koriyar kusurwar nan da ke gefen tutar yanzu, kuma sai a watan Mayu na 1970 aka canja ta. Mun ci kofin Afirka a Khartoum a Fabrairun shekarar, muka doke Ghana da ci ɗaya da nema, wato a ƙarƙashin tsohuwar tuta ke nan. Ni a rediyon maƙwabci na saurari wasan, har yau ina jin ihun unguwarmu. Sannan ka juya bayan takardar, domin tallar sinima ko guntun labarin da ke can yakan faɗi abin da fuskar hoton ta ɓoye.

Hajiya 'yar Kassala:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Game da mawaƙiyar, na san zuciyar kowane Bahaushen Sudan za ta tafi ga A'isha Falatiya, mawaƙiya 'yar asalin Hausawa, wadda ta shiga Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, lokacin da ake ganin waƙar mace a bainar jama'a abin kunya ne, ta kuma rasu a 1974. Sai dai mata da yawa sun biyo sahunta, kuma fuska a hoton jarida ɗigo-ɗigon tawada ce kawai, kana ƙara girmanta tana ƙara dusashewa. Ka kai wa tsofaffin gidanku su duba tukuna, kafin ka sa mata suna a Facebook.

Mai Hoto, Sinnar:
Yallaɓai, roƙona ɗaya ne: kada ka bari a manne su cikin leda da injin zafi, kada kuma salatif ya taɓa su, domin takardar jarida tana da sinadarin da ke sa ta yin ja tana karyewa, zafi da gam kuwa suna hanzarta hakan. Ka ɗauke su da waya a inuwa, gaba da baya, ka jera su tsakanin fararen takardu, ka ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da damshin damina.

Ɗan Maiwurno:
Na gode ƙwarai. Baba Malam, na duba da madubin ƙara girma, akwai tuta a bayan mai riƙe da kofin, kuma ba ta da kusurwa. Hoton mawaƙiyar kuwa, gobe in Allah ya yarda zan kai wa gwaggona.