Ina kallon darussan ƙarshen wasa, amma a kan allo sai in rikice: ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sunana Abdulhadi, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Wata takwas ke nan da na fara wasan ces, kuma kusan kullum bayan la'asar muna zama da wani abokina a ƙofar shagonsa mu buga. Farkon wasa ba ni da matsala, tsakiya ma nakan ci mashi soja ɗaya ko biyu. Amma da zarar kaya sun ragu a kan allo, sai abin da ke hannuna ya zube.

Jiya abin ya yi mani ciwo ƙwarai. Ni ke da farare. Sarkina yana gidan d5 (harafi na nuna layin tsaye, lamba na nuna layin kwance, ana ƙirgawa daga ɓangaren farare), sojana ɗaya tak yana e4, shi kuma ba abin da ya rage mashi sai sarkinsa a e7, kuma ni ke da taku. Na tura soja e5, ya zo d7, na tura e6 da cek, wato barazana ga sarkinsa, ya koma e7, na bi da sarki e5, ya ja baya e8, na je d6, ya tsaya d8, na tura e7, ya koma e8, na kare sojan da sarki a e6. Sai ya ɗaga kai ya ce mani wasa ya tashi kunnen doki, sarkinsa ba shi da wurin takawa kuma ba cek a kansa.

Abin da ya fi damuna shi ne na kalli darasin irin wannan a waya, ba sau ɗaya ba. Data ta ta ƙare a kan bidiyoyin ƙarshen wasa. Lokacin da malamin ke bayani ina ganewa sarai, da na zauna gaban allo sai kamar ban taɓa ji ba. Don Allah ta ina zan kama? Me zan fara koya, me zan bari sai gaba?

Malam Sani (Daura): Wa alaikumus salam. Abdulhadi, wasan nan naka ne, taku ɗaya ya kwance shi, kuma shi ne na farko. Ba soja ya kamata ka taɓa ba. Da sarki ka kai e5, da kun tsaya ido da ido, gida ɗaya tsakaninku, kuma shi ke da taku. Wanda taku ya faɗo kansa a wannan tsayuwar shi ne zai kauce, tunda a ces ba a cewa "na haƙura, kai taka". In ya kauce d7 ka shige f6, in ya kauce f7 ka shige d6. A ce d7 ya je, kai kana f6. Ya dawo d6 yana neman sojanka, ka tura e5 da cek, ya koma d7, ka ɗora sarki f7. Daga nan e6 da e7 da e8 duk ƙarƙashin sarkinka suke, soja zai wuce ya zama sarauniya ba mai tare shi.

Ka riƙe wannan: muddin sojanka bai wuce layi na huɗu ba, akwai gidaje uku da ke layi biyu gaba da shi. Ga sojan e4, su ne d6 da e6 da f6. Duk wanda sarkinka ya taka a cikinsu, ka ci wasa, ko wa ke da taku. Ban da sojan gefe, na a ko na h, wannan in sarkin abokin wasa ya riga ka shiga kusurwa, sai dai canjaras. Sarki ke yin gaba ya share hanya, soja ya biyo baya. Kai ka sa soja gaba sarki na bin sa, kuma soja ba ya komawa baya, shi ya sa ba gyara.

Batun mantuwa kuwa, ba ƙwaƙwalwarka ce ke da laifi ba. Ido ya gani, hannu bai yi ba. Yau da dare ka jera wannan matsayin a allonka, ka buga shi kai kaɗai, sau goma kana farare sau goma kana baƙaƙe. Sannan ka matsar da komai layi ɗaya gefe ka sake. Kada ka buɗe sabon bidiyo sai ka iya wannan ba tare da tsayawa tunani ba.

Umar S/Unguwa: Ni dai gaskiya ina ganin a matakinka ka bar ƙarshen wasa tukuna. Wata takwas fa. Yawancin wasanninmu a tsakiya ake gama su, wani ya bar doki a banza ko sarauniya ta faɗa tarko. Ka dage da warware matsalolin dabara kullum, ƙarshen wasa zai zo da kansa.

Malama Hauwa: Umar, ban yarda da kai ba a nan. Ka sake karanta abin da ya rubuta, shi ke kan gaba a tsakiyar wasa, a ƙarshe yake asara. Mutum ya yi noma ya yi girbi, hatsi na zubewa a hanyar rumbu, ai ba ƙarin taki zai nema ba. Capablanca ɗan Kuba, wanda ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, da ƙarshen wasa yake fara koyar da sabon shiga, kafin ya zo kan buɗe wasa.

Ina koya wa yara a makarantar da nake aiki, kuma ga yadda nake bi da su. Farko kashe sarki da sarauniya, sai kashe shi da ruk ɗaya, wanda yarana ke kira hasumiya saboda sun ce kamar Gobarau yake. Kada ka raina wannan. Da sarauniya, in an buga daidai, ba ya wuce taku 10 daga kowane matsayi, da ruk kuma ba ya wuce 16. Akwai dokar taku 50: in kowannenku ya yi taku 50 ba a ci komai ba kuma ba a motsa soja ba, ana iya neman a tashi canjaras. Na ga babban mutum yana zagaye allo da ruk yana ta ba da cek har ƙidaya ta cika.

Bayan nan sai ƙa'idar akwati. Sojanka na a4, ka ƙirga gidajen da suka rage mashi zuwa a8, ka auna daidai wannan tsawon zuwa gefe, akwatin ya zama a4, a8, e8, e4. In sarkin abokin wasa zai iya sa ƙafa cikin akwatin a takunsa, zai kama sojan, in ba zai iya ba, ka tura kawai. Sai dai ka tuna sojan da bai taɓa motsi ba yana tsallake gida biyu, don haka daga layi na uku za ka auna mashi. Daga nan sai abin da Malam Sani ya faɗa. Wata guda cur ka ba waɗannan.

Kashe sarki da bishof, mai tafiya a karkace, da doki kuwa, wanda zai iya kai taku 33, ka ajiye shi. Za ka iya shekara ba ka gamu da shi ba.

Umar S/Unguwa: Na karɓa Malama, ban lura shi ke cin sojojin ba. Amma dai kada ya bar dabarun gaba ɗaya, ko minti goma ne a rana.

Injiniya Bashir: Abdulhadi, kada ka ji kunyar abin da ya same ka. Ranar 12 ga Disamba 2024 a Singafo, wasa na 14 kuma na ƙarshe na gasar kambun duniya, Ding Liren na Sin yana cikin matsayin da kowa ke ganin canjaras ne. A taku na 55 ya kai ruk ɗinsa f2 yana neman musaya. Gukesh na Indiya ya karɓa, ya tilasta musayar bishof ma, aka koma sarki da sojoji, shi biyu Ding ɗaya, kuma matsayin na ci ne. Nan take Ding ya miƙa hannu, Gukesh ya zama zakaran duniya yana da shekara 18. Abin da ya raba su irin lissafin nan ne na wa zai tsaya ido da ido, wa zai kauce. Kafin ka yarda da kowace musaya a ƙarshen wasa, ka tambayi kanka: in kayan nan suka fita, sarki da sojan da suka rage na wa ne?

In ka gama da jerin Malama, ruk za ka shiga, domin shi ne ya fi yawan rage wa mutane a allo. Matsayi biyu ne ginshiƙi, ɗaya na ci ɗaya na tsira.

Na ci shi ake kira Lucena. Jera haka: sarkinka b8, sojanka b7, ruk ɗinka c1, shi kuma sarkinsa d8, ruk ɗinsa a2. Sarkinka ya toshe wa sojansa hanya, in ya fito kuma cek zai yi ta sha daga baya. Sai ka ba da cek a d1, sarkinsa ya matsa e7. Yanzu ka kai ruk d4. Wannan takun ne mutane ba su gane amfaninsa sai daga baya. Ya jira a a1, ka fito c7, cek a c1, ka je b6, cek a b1, ka je c6, cek, ka sauko b5, cek a b1, sai ka sa ruk b4 ya tare. Cek ya ƙare, soja ya shige. Shi ake cewa gina gada.

Na tsira kuma sunan Philidor ɗan Faransa yake ɗauke da shi, tun 1777. Kai ke da ƙarancin soja. Ka ajiye sarkinka gaban sojansa, ka shimfiɗa ruk a layi na uku daga ɓangarenka, sarkinsa ba zai iya hawowa ba. Ka yi ta yawo a layin nan kana jira. Ran da ya gaji ya turo sojan cikin layin, a take ka zura ruk can ƙarshen allo ka dinga cek daga baya, don sarkinsa ba shi da sauran wurin fakewa gaban sojan.

Maganar data kuma, shafin wasan ces na intanet mai suna Lichess kyauta ne, yana da sashen atisaye da zai jera maka waɗannan matsayin ka buga da kwamfuta, kuma bai cin data kamar bidiyo. A allon nazarinsa, in kayan da suka rage ba su wuce 7 ba har da sarakuna, zai gaya maka tabbataccen sakamakon kowane taku. Ka sa matsayinka na jiya ka gani da idonka: sarki e5 ci, soja e5 canjaras.

Baba Lawal: Yaro, ni ɗan dara ne, ta ƙasa mai gurbi talatin, jikana ne ya koya mani taku ɗin nan bayan na yi ritaya. Abin da na lura da ku matasa, hannunku ya fi idonku sauri. In kaya sun ragu sai ku ga kamar an gama. Ka zauna kan hannunka in ta kama, ka ƙirga: ni nan, shi nan, ni nan. Kuma ka roƙi abokin naka ku ware rana guda a mako da ba za ku fara daga farko ba, ku jera sarki da soja kawai ku yi ta musayar gefe. Shi ma zai ƙaru.

Abdulhadi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Daren jiya na jera matsayin kamar yadda Malam Sani ya ce. Sau uku na farko hannuna ya sake kai wa sojan, sai a na huɗu na fara tura sarki ba tare da na yi tunani ba. Na kuma gano cewa in ina baƙaƙe kuma sojan farare ya riga ya kai e6, dole in ja baya kai tsaye zuwa e8, in na kauce d8 tun farko sai a cinye ni. Abokina ya yarda da shawarar Baba, mun sa ranar Juma'a bayan la'asar. Malama, in na kai kan kashe sarki da ruk zan turo maki takun da na yi ki duba mani inda nake ɓata lokaci, don na gwada sau ɗaya ya ɗauke ni taku 31.

Malama Hauwa: Turo, ba komai. Ina zargin cek kake yawan bayarwa maimakon ka rage mashi fili da ruk ka kawo sarkinka kusa. Ka rubuto da matsayin da ka fara da shi.