"Sa'a takan taimaki mai ƙarfin hali": ina gaskiyar wannan magana?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Rumawan dā suna cewa *fortes fortuna iuvat*, wato sa'a takan taimaki mai ƙarfin hali. Ga abin da ya tsaya mini a rai. A shekara ta 79 Miladiyya dutsen Besubiyus na Italiya ya yi aman wuta. Filini Babba, kwamandan jiragen ruwan Rum a tashar Misenum, ya fita ceton mutane. Toka mai zafi da duwatsu suna zubo wa jirginsa, matuƙi ya ce su juya. Sai ya faɗi wannan magana, ya ce a nufi garin Istabiya wurin abokinsa. Da gari ya waye sai da suka ɗaura matasan kai a ka saboda ruwan duwatsu, kuma a nan bakin teku numfashinsa ya sarƙe, ya faɗi matacce. To ina sa'ar?

Direban Tirela: Malam, ai ka gama magana. Matuƙin nan shi ya san ruwa. Ni shekara ashirin ina kan hanya, duk wanda na ji yana cewa "mu dai je" bayan an ce masa gada ta karye, ba na shiga motarsa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Hajiyar Kantin Kwari: Alhaji, ban yarda ba. Mutumin nan ba ganima ya tafi nema ba, mutane ne wuta ta ritsa da su. Ko ya san ba zai dawo ba, fitarsa daidai ce. Kuma maganar ba ta ce mai ƙarfin hali ba ya mutuwa ba. Cewa ta yi sa'a ba ta iske wanda ya ƙunshe a ɗaki. Mu ma muna cewa matsoraci ba ya zama gwani. Ranar da na fara ɗauko dilar atamfa bashi, hannuna rawa yake yi wajen sa hannu a takarda.

Malamin Tarihi: Hajiya, kin taɓo wani abu. Amma su kansu Rumawan sun ɗanɗana kuɗar wannan magana. Da Hanibal, jagoran yaƙin abokan gabar Rum, ya shigo Italiya, Fabiyus, kwamandan sojojin Rum, ya ƙi yarda a yi gaba da gaba da shi, yana bin sa daga kan tuddai yana hana shi abinci. Mutanen gari suka yi ta masa gorin tsoro. A shekara ta 216 kafin Miladiyya aka tura masu son gwabzawa da Hanibal zuwa wani wuri mai suna Kanne, dubun dubatar sojojin Rum suka hallaka a yini guda. Daga nan aka koma kan dabarar Fabiyus.

Ɗalibin Zaure: Ku gafarce ni, iyayena. Fortuna ɗin nan da ke cikin maganar, wadda aka fassara da sa'a, a wurinsu fa gunkiya ce, har ɗakunan bauta suka gina mata. Mu kuwa rabo na Allah ne. Ya dace mu riƙa faɗar ta?

Hajiyar Kantin Kwari: Ɗana, ka kyauta da ka tuna mana. Ni in zan faɗa wa 'yata, cewa zan yi mai nema yana tare da samu, kuma sai bayan ta bincika kasuwar. Amma Malam, mutanen da ya fita dominsu, ya samu ya kwaso su?

Malamin Tarihi: Gaɓar da ya fara nufa ta toshe da ɓaraguzan dutse, Hajiya, jirgi bai iya matsawa ba. Shi ya sa ya karkata zuwa Istabiya. Can kuma iska ta hana su fitowa.