Cikina sati 14, in ci gaba da gudun safe ko in haƙura?

Amaryar_KD:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, kuma don girman Allah kar a min faɗa, wanda aka min a gida ya ishe ni. Ni dai tun ina bautar ƙasa na saba da gudun safe, sau uku a sati nakan je Murtala Square a nan Kaduna bayan asuba in yi kamar kilomita 5 in dawo, ko da na yi aure ban daina ba don maigidan ma wani lokaci tare muke fita. To yanzu Allah ya ba ni rabo, cikin fari, sati 14 a lissafin sikanin. Watannin farko laulayi ya kwantar da ni, daga amai sai barci, amma yanzu alhamdulillah na warware har ƙafata ƙaiƙayin fita take. Shekaranjiya na ɗaura takalmi na fita, ina dawowa jiƙe da gumi na yi kiciɓis da Hajiyar maigida da ta zo mana kwana biyu, wallahi ranar na ji babu daɗi, wai so nake in zubar mata da jika, jijjigar gudu tana ɓarar da ciki ko ta sa cibiya ta naɗe wuyan yaro. Shi kuwa gogan naku ya yi shiru kamar ruwa ya ci shi. A wajen awo na so in tambaya amma layi ya yi yawa, minti biyu likita ya sallame ni. Masu ilimin abin da waɗanda suka taɓa yi, da gaske akwai haɗari?

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam, Allah ya raba lafiya 'yar uwa. Ni yarana uku kuma a na biyu da na uku duk na motsa jiki, na farkon ne na biye wa mutane na kwanta kamar mara lafiya, ƙafa ta kumbura baya ya riƙe ga tumbi ga nauyin jiki ko tashi daga sallah sai na dafa bango. A na biyun ina ɗan sassarfa har kusan wata shida, daga nan jikina da kansa ya ce a'a, marata ta fara yi min nauyi ga fitsari da yake tsiyayo min in na yi 'yar tsalle, sai na koma tafiya da sauri kullum da yamma har ranar da naƙuda ta zo. Abin dariyar ma, ki jira ki shiga wata tara, Hajiyar nan da ta hana ki gudu ita za ta miƙo miki taɓarya ta ce ki yi daka ki yi shara a duƙe don haihuwa ta zo da sauƙi. Su ma fa sun yarda da motsa jiki, takalmin kambas ɗin ne ba su yarda da shi ba.

Sista_Ungozoma:
Ƙanwata barka da arziki. Ni ungozoma ce, wannan tambayar kusan kullum sai na amsa ta, sai dai yawanci a kan aikin gida ake yi min ita ba gudu ba. Abu na farko, in cikinki lafiyarsa ƙalau motsa jiki ba ya jawo ɓari, yawancin ɓarin watanni ukun farko daga halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka samu cikin, ko a gado mace ta wuni zai fita. Cibiya kuma juye-juyen yaron ne a cikin ruwa yake naɗa ta, muna yawan ganinta a wuyan jarirai wajen haihuwa har ga matan da ko ƙofar gida ba sa zuwa, kuma galibi zare ta kawai muke yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarin da ta fitar a 2020 cewa ta yi mai ciki ta samu aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, kin ga minti 30 sau biyar kenan, kuma wadda ta saba da mai ƙarfi irin gudu tun kafin ciki tana iya ci gaba. Wadda ba ta taɓa gudu ba kuwa ba yanzu ne lokacin koyo ba, ta yi tafiya. Amfaninsa yana rage haɗarin ciwon suga na ciki da hawan jini, yana hana ƙiba ta wuce misali, ga barci ga sauƙin bayan gida wanda duk mai shan ƙwayar ƙarin jini ta san wahalarsa.

Amma fa ba irin gudunki na da ba. Ma'aunin da nake ba mata shi ne magana, in kina gudu kina iya hira da na kusa da ke jimla guda ba tare da numfashi ya sarƙe ba to daidai kike, in kin kasa ki rage ko ki koma tafiya. Yanzu jininki ƙaruwa yake yi, kafin ƙarshen ciki zai ƙaru da kusan rabin yadda yake a da, zuciya tana aikin mutum biyu, shi ya sa za ki ga kin yi saurin haki a inda da ko a jikinki. Sannan jijiyoyin gaɓoɓi suna saki saboda shirin haihuwa, ga ciki yana jan ki gaba, targaɗe da faɗuwa ba wuya, ki nemi fili mai laushi da kika san shi, ban da bakin titi mai ramuka cikin duhun asuba. Zafi shi ne babban abin da nake ji miki, watan Maris da Afrilu a Arewa ba wasa ba ne, ki fita kafin rana ta ɗaga, ki sha ruwa kafin ki fita da bayan kin dawo, ki ɗan sa wani abu a ciki ko ayaba ce ko dabino, in kuma kina jin zazzaɓi ko alamar maleriya ranar babu fita sai asibiti. Tunda kin wuce wata uku ki daina atisayen da ake yi a kwance rigingine na tsawon lokaci, mahaifa in ta yi nauyi tana danne babbar jijiyar da take mayar da jini zuwa zuciya sai ki ji jiri.

Kafin ki sake ɗaura takalmin nan dai ki koma awo ki tsaya sai an amsa miki, ko likita na sauri ki tare nas. A duba hawan jininki da yawan jininki, a gaya miki inda mabiyiya take a sikanin. Wadda mabiyiyarta ta tare bakin mahaifa, ko aka yi wa ɗaurin bakin mahaifa, ko mai hawan jinin ciki, ko mai ƙarancin jini sosai, ko ciwon zuciya, ko mai zubar jini, ko mai tagwaye da ake tsoron haihuwa kafin lokaci, waɗannan ba ma barinsu su yi gudu. Ke ma ko an ce lafiyarki lau, duk ranar da kika ga jini ko ruwa yana zubo miki, ko mara tana murɗawa tana saki a kai a kai, ko jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko nan gaba kika ji motsin yaro ya ragu, ki tsaya nan take ki nufi asibiti ba sai kin jira maigida ya dawo daga ofis ba.

Maman Hanif, fitsarin nan da kika ce, akwai atisayen matse gaba kamar kina riƙe fitsari ki ƙirga biyar ki saki, sau goma, sau uku a rana, a zaune ma ana yi babu wanda zai sani.

Anti Larai:
Ni dai ku yi haƙuri ban goyi baya ba. Sista ta faɗi nata na ilimi ban musa ba, amma ke yarinya cikin fari ne fa, wasu shekara goma suke nema ba su samu ba. Ni sau biyu na yi ɓari kafin Allah ya tsayar min, na san ba gudu ne ya jawo ba don ban taɓa yi ba, amma na san irin maganar da ta biyo baya, har tuwon da na tuƙa sai da aka ce shi ne. In wani abu ya faru ko da ƙaddara ce dangin miji ba za su tuna Hukumar Lafiya ba, takalminki za su tuna. Wata shida ne ya rage, ki yi tafiyarki a hankali wa ya hana ki, gudun ba guduwa zai yi ba.

Abban Yusra:
A yi min afuwa na shigo zancen mata. 'Yar wasan tennis Serena Williams ta ci gasar Australian Open a 2017 tana da ƙaramin ciki, akwai ma wata 'yar tseren Amurka Alysia Montaño da ta shiga tseren mita 800 a 2014 da cikin sati 34, sai dai su da likitocinsu a gefe, ba abin kwaikwayo ba ne ido rufe. Nawa ganin maigidan ne ya kamata ya yi magana da mahaifiyarsa, ba ke ba Malama, suruka ba ta jayayya da uwar miji a kan jika ta ci riba. Ya raka ki awo ya ji da kunnensa, in an amince ya riƙa fita da ke yana riƙe da gorar ruwa.

Amaryar_KD:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Anti Larai maganarki ta tsaya min a rai wallahi, Allah ya raya miki waɗanda ya ba ki. Jiya mun koma awo da shi kamar yadda Abban Yusra ya ce, hawan jini babu, mabiyiya tana sama, sai dai jinina ya ɗan yi ƙasa an ce in dage da ƙwayar ƙarin jinin da dama nake tsallakewa saboda tashin zuciya, in riƙa tafiya da sauri ina haɗawa da 'yar sassarfa kar in wuce minti 30 sai an sake gwadawa wata mai zuwa. Hajiya dai ta ce likitocin yanzu yara ne, don haka har ranar Lahadi da za ta koma Zariya zagayen tsakar gida kawai nake yi. Sista dan Allah wata tambayar, rigar maman da nake gudu da ita ta matse ni yanzu har numfashi take hana ni, in sayi babba tun yanzu ko in jira don na ga kamar ƙaruwa suke ta yi?