Ina za mu kai Baba a Trim?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Surukina ya zo mana ziyara daga gida, mutum ne mai son tarihi ƙwarai, tsohon malamin makaranta ne. Ya ce gine-ginen Dublin sun ishe shi, ƙaramin gari yake son gani wanda ke da tsofaffin abubuwa. An ce mana Trim. Wanda ya san wurin ya taimaka mana da shawara, don Allah. Da yara za mu je, kuma Baba yana fama da ciwon gwiwa.

Malam Habu: Wa alaikumussalam Maman Khalifa. Wanda ya ce muku Trim ya ba ku shawara mai kyau. Garin yana yankin Meath, a bakin kogin Boyne, tafiyar kusan awa ɗaya daga Dublin. In ba ku da mota, bas mai lamba 111 tana zuwa. Mutanen garin ba su kai dubu 10 ba, amma a nan ne fadar Normawa, wato mayaƙan da suka zo daga Ingila, mafi girma a duk Ayilan take. A 1172 Sarki Henry na biyu na Ingila ya mallaka wa wani jarumin yaƙi mai suna Hugh de Lacy ƙasar Meath, shi kuma ya zaɓi mashigar kogin ya kafa sansani. Na farko da katako aka yi, bai daɗe ba aka ƙone shi lokacin da Ruaidrí Ua Conchobair, babban sarkin Ayilan na wancan zamani, ya kawo hari. Daga nan suka koma ginin dutse, shi da ɗansa Walter, aikin da ya ci shekara wajen 30. Ku fara da nan tun da safe.

Anti Binta: Malam, ka manta da maganar gwiwa. Soron tsakiya, wato doguwar hasumiyar da ke cikin harabar, ba a shiga sai tare da ɗan jagora, kuma matakalarsa ƙanana ce, a murɗe take, ga tsayi. Ni ban ga dalilin da za a wahalar da dattijo ba. Ana iya shiga harabar kaɗai, ya zagaya ganuwar, ya ga ƙofofin, ya zauna ya huta.

Malam Habu: Gaskiyarki Hajiya. Sai dai ina jin takaicin a ce malamin makaranta ya zo har Trim bai leƙa cikin soron nan ba. Gini ne mai fuska 20, kaurin bangonsa ya kai mita 3 a wasu wuraren. A hawan ƙasa akwai ƙananan samfurori da ke nuna yadda ginin ya riƙa canja kama a matakai daban-daban. Maman Khalifa, ki tambayi ma'aikatan tun a ƙofa ko zai iya tsayawa a ƙasa ya ga waɗannan, yaran su hau sama da mahaifinsu.

Sadiq ɗalibi: Yaran za su ji daɗin hawan. Ɗan jagoran yakan nuna inda masu gidan ke rataye tufafinsu a saman ramin bayan gida, don warin da ke tasowa ya kashe ƙwarƙwata. Daga can sama kuma kana hango kogin da filayen Meath duka. Nan za ka gane me ya sa aka gina shi a wurin: duk wanda zai ƙetare Boyne, a idon masu gadi yake.

Baban Zara: Abin da Sadiq ya faɗa shi nake so a gaya wa Baba sosai. Fadar nan ba don ado aka gina ta ba. Baƙi ne suka zo da ƙarfin takobi suka karɓe ƙasar mutane, suka yi ginin da zai tsorata masu ƙasar. Su ma masu ƙasar ba su yafe ba. A 1186 de Lacy yana duba aikin wani sansani a Durrow, wani saurayi ɗan ƙasa ya sare masa kai da gatari. Daga baya aka binne gangar jikinsa a gidan ibada na Bective, kansa kuma a wani gidan ibada a Dublin, har gidajen ibadar biyu suka yi shekaru suna jayayya a kan gawar, aka ƙare da mayar da gangar jikin Dublin a 1205. Bective ɗin ma yana kusa da Trim, an kafa shi a 1147, kangonsa na nan a tsaye, kuma ba a biyan kuɗin shiga. In kuna da mota ku biya ta can a hanyar dawowa.

Maman Khalifa: Ikon Allah. Wannan labarin kaɗai zai riƙe Baba har dare. To bayan fadar fa?

Anti Binta: Ni a ganina abin da ya fi fadar daɗi yana ƙetaren kogi, kuma yawancin masu zuwa ba sa kaiwa can. Suna ɗaukar hoto a gaban ganuwa su koma mota. Ku haye gada ku shiga filin da ake kira Porchfields. Da farko za ku ga Yellow Steeple, ragowar hasumiyar ƙararrawa ta gidan ibada na St Mary's, tun ƙarni na 14, tsayinta wajen mita 40, rabinta ya zube amma ɗaya ɓangaren na tsaye. Ƙasa da ita akwai Sheep Gate, ita kaɗai ce ta rage cikin ƙofofin ganuwar garin. Ana cewa a nan ake karɓar kuɗin ƙofa a kan tumakin da aka kawo kasuwa. Duk wanda ya tashi a birni mai ganuwa da sarakunan ƙofa, da ya gan ta zai fahimci yadda garin yake a da ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Daga nan hanya ce shimfiɗaɗɗiya a gefen ruwa har Newtown, kimanin kilomita ɗaya da rabi, babu hawa babu gangara mai wahala. A can akwai kangon babbar majami'ar da Bishop Simon de Rochfort ya kafa a 1206, ga kuma kangon wani tsohon asibiti na masu ibada a ɗaya gefen kogin. Wurin shiru ne, sai ƙarar ruwa. Mutum ya zauna a nan ya ga yadda garin da ya taɓa zama cibiyar mulki ya koma filin ciyawa.

Sadiq ɗalibi: Anti, ki ƙara da kabarin nan na Sir Lucas Dillon da matarsa Jane Bathe, na ƙarshen ƙarni na 16. An sassaƙa siffofinsu a kan dutse suna kwance, da takobi a tsakaninsu, shi ya sa mutanen gari ke kiransa kabarin masu kishi. Za ku ga fil-fil masu tsatsa a kai. Al'adar wurin ce, wai in mutum na da tsiro a fata ya goga masa fil ya ajiye a nan, yayin da fil ɗin ke tsatsa tsiron na bushewa.

Malam Habu: A gani dai a wuce, kada yara su kwaikwaya. Kuma maƙabarta ce da har yanzu mutane ke da 'yan uwa a ciki, a ja musu kunne kada su hau kan kaburbura.

Baban Zara: Tunda Baba malami ne, ga wani abu. Gidan da ke kusa da Yellow Steeple, wanda ake kira Talbot's Castle, ya taɓa zama makaranta. William Rowan Hamilton, masanin lissafin nan da aka haifa a 1805, a Trim ya tashi a hannun baffansa wanda ke koyarwa a wurin. Arthur Wellesley ma, wanda ya zama Duke na Wellington ya ci Napoleon da yaƙi a Waterloo a 1815, ya wakilci Trim a majalisar Ayilan tun yana saurayi. Akwai dogon ginshiƙi da aka kafa masa a cikin gari a 1817, da mutum-mutuminsa a sama. Gidan Talbot ɗin dai na masu shi ne, daga waje ake kallo.

Anti Binta: Ginshiƙin Wellington minti biyar ya ishe shi, kada ku ɓata masa lokaci. Ku ba Newtown lokacin.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sauran batun abinci da salla, da kuma ranar da ta fi.

Malam Habu: Ku tafi da darduma, filin bakin kogi yana da faɗi, za ku sami gefe ku yi salla in ciyawar ba ta jiƙe ba. Abinci kuwa gara ki dafa daga gida, in ya so a ƙara da kifi da dankali a cikin gari. Hukumar OPW, ta ayyukan gwamnati, ce ke kula da fadar, ki duba shafinsu kafin ku tashi, domin lokutan buɗewa na hunturu ba ɗaya suke da na bazara ba, kuma ana ƙayyade yawan masu shiga soron a kowane zagaye.

Sadiq ɗalibi: Rigar ruwa da takalmi mai rufi ga kowa, ko da an wayi gari da rana. Iskar bakin Boyne tana da sanyi, a sa wa Baba hula mai kauri.

Anti Binta: In gwiwar ta ƙi, kada ku fasa Newtown. Akwai hanyar mota da ke kaiwa har kusa da kangon. Baban Khalifa ya kai shi a mota, ke da yaran ku bi ta bakin kogi a ƙasa, ku haɗu a can.

Maman Khalifa: Haka za a yi in Allah ya yarda. Asabar mai zuwa muke sa rai. Baba ya ce a tambayi Baban Zara ko zai samu dama ya raka mu, yana son jin labarin de Lacy daga bakinsa.

Baban Zara: Ki gaishe shi da kyau, ki ce ina nan tafe in sha Allah. Mu haɗu a ƙofar fadar da ƙarfe 10 na safe.