Zan kai safaya Sri Lanka, waɗanne kalmomin Sinhala zan fara riƙewa?

Ɗan Gembu: Salamu alaikum. Shekara shida ina sayen safaya, dutsen nan mai daraja, a hannun masu haƙa a Mambilla ina sayar wa dillalai. Bana maigidana ya ce in bi kayan da kaina zuwa garin Beruwala a Sri Lanka, sati uku zan yi. Turancina na kasuwa ne kawai. Na buɗe bidiyon koyon Sinhala, na ga rubutunsu duk a lanƙwashe kamar an zube taliya a faranti, sai na rufe. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa, me zan haddace kada a mai da ni baƙauye?

Alhaji Mai Awo: Wa alaikumus salam. Ɗana, bar wahalar da kanka. Kasuwar duwatsun Beruwala a unguwar China Fort take, kuma kusan duk masu ciniki a wurin Musulmi ne, yarensu na gida Tamil ne. Sallama za ka yi su amsa maka, sauran kuwa Turanci da kalkuleta. Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: lak. Dubu ɗari ke nan a lissafinsu. In mutum ya ce lak biyar, rupi dubu ɗari biyar yake nufi. Ka sa ya buga maka a waya kafin ka ce ka sallama.

Bashir Kano: Alhaji, da girmanka, amma ai ba a cikin China Fort zai kwana ya tashi ba. Daga filin jirgin Katunayake zuwa Beruwala akwai tafiya, kuma direbobi da 'yan sanda da masu shaguna yawancinsu Sinhala ne. In kuma ya leƙa Ratnapura, garin da ake haƙo duwatsun, nan Sinhala ce ke aiki.

Malam, rabu da rubutun. Allunan hanya suna zuwa da Sinhala da Tamil da Turanci, kunne kawai kake bukata. Gaisuwarsu ayubowan, kuma ma'anarta daidai take da tamu ta "ranka ya daɗe". Ranar da na gaya wa wani dattijo cewa haka muke gaida manya a gida, sai da ya saya mini shayi. Godiya istuti, in ka so ka ƙara nauyi bohoma istuti. Kohomada shi ne yaya kake, amsarsa hondai.

Na ciniki kuwa uku ne: kiyada, wato nawa ne, ganan wadi, ya yi tsada, adu karanna, a rage. Sai babbarsu, epa, ba na so. Wannan ita ta fi kowace yi mini amfani. Masu tuk-tuk, keke napep ɗinsu ke nan, za su yi ta binka, ka ce no sau goma ba su ji ba, amma epa ɗaya da murmushi sai ka ga mutum ya juya. Direba ka ce masa aiya, wato babban wa, in yaro ne malli, wato ƙane. In ka iso inda za ka sauka, nawattanna, wato tsaya.

Hajiya Mai Ganyen Shayi: Ku maza kun tsaya kan ciniki kun manta da ciki. Ni kasuwar Pettah da ke Kolombo nake zuwa sarin shayi da kayan ƙamshi, kuma zuwana na farko barkononsu ya sa ni hawaye, ni da nake ganin na iya cin yaji. Miris shi ne barkono, ka ce miris epa tun kafin a zuba. Ruwa watura, shinkafa bat. Nama mas ne: kukul mas kaza, harak mas naman shanu, uru mas kuwa alade, wannan ka riƙe shi da kyau. Inda ba ka ga alamar halal ba, ka nemi malu, kifi.

Sannan ƙanena, in ka yi magana ka ga mutum yana kaɗa kai hagu da dama, ba ƙi ya yi ba, "to" yake cewa. Na taɓa ƙara wa mai kaya kuɗi a banza saboda na ɗauka bai yarda da tayina ba.

Ɗan Gembu: Allah ya saka da alheri, duk na rubuta a littafi. Hajiya, masallaci fa, yaya zan tambaya?

Hajiya Mai Ganyen Shayi: Muslim palliya koheda. Kada ka yar da "Muslim" ɗin, domin coci ma palliya suke ce mata. A Pettah ba sai ka tambaya ba, jan masallacin nan mai ratsin fari daga nesa za ka hango shi.

Alhaji Mai Awo: To, na yarda an fi ni. Amma ka duba kalanda kafin ka sayi tikiti. Duk ranar da wata ya cika hutu ne a ƙasar, Poya suke kiranta, bankuna da ofisoshi a rufe. Kuma ka bayyana duwatsunka ga kwastam da takardunsu tun a filin jirgi. In ka isa China Fort ka ce wa mutanen nandri, godiyar Tamil ke nan.